Kazar Inna da Injin Cin Hayaƙi

Mujahid, ɗan kawuna, ya ce shi ne mutum na farko daga Maradi har bakin teku da ya kama hayaƙi ya mai da shi zare. Ya ce zaren ya fi gashin kai siranta sau dubu hamsin, ya fi ƙarfe ƙarfi sau ɗari. Ya ce sunan abin nanotib, kuma kada kowa ya wahalar da kansa neman sunansa da Hausa, babu. A tsakar gidanmu ya faɗi haka, da kwat, da karabat ɗaure a wuya, cikin zufar damina, Inna na zaune tana ɓarar gyaɗa.

Inna ta ce, "Madalla. Ka ci abinci?"

Sunana Balki. Lakol ɗina, watau karatun boko, a aji shida ya tsaya, sauran karatun ni na yi wa kaina. Na yi shi da jaridun da ake ƙunshe ƙosai, da wani ƙamus na Faransanci marar bango da na tsinta a kasuwar Agiye, wanda ya fara daga harafin B ya mutu a T. Da Mujahid ya tafi na ɗauko shi. Babu nanotib a ciki. Amma ya ce da karbon ake yin abin, karbon kuwa yana nan a shafinsa: sinadarin gawayi da baƙin tukunya. Na rufe ƙamus na ce, to, yaron nan sana'ata ya shigo.

Tawada nake yi. Ba ina yabon kaina ba ne, malamai ne suka faɗa: daga Cadawa har Gazawa babu irin tawa. Baƙin gindin kasko nake kankarowa, na wutar ɓawon gyaɗa da karan hatsi kaɗai, wadda ba a jefa mata leda ko tsohuwar taya ba, don tawada ce da ake wanke allo a sha. In tankaɗe shi a ƙyalle uku, kowane ya fi na baya ƙanƙantar ido. Na ƙyalle na uku, in kin murza shi a yatsa ba ki jin komai, sai dai ki ga yatsan ya yi baƙi. Sai in haɗa da ƙaron da makiyaya ke kawowa kasuwar Gangara. Alƙalami bai cije mata, ba ta bajewa a takarda, in an wanke allo kuma ta fita tas.

Kaskon da nake kankara na matan Gidan Gyaɗa ne. Gidan Gyaɗa wata tsohuwar uzin ce, watau masana'anta, a bakin garinmu, kan hanyar Cadawa zuwa Agiye, ta mutu tun ba a haife ni ba. Abin da ya rage mata katanga, da rijiya, da bututun hayaƙi mai tsawo, da ɗakin tanderu a kulle. Shekara tara da suka wuce Inna Mariyama, uwata, ta tara mata suka kore awaki, suka share kashin jemage, suka kafa murahu a filin. Yau su ashirin da uku ne, suna suya, suna matsar mai, suna ƙuli-ƙuli. Ba su da takarda ko ɗaya. Ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda, don ba wanda ya taɓa son wurin.

Shekarar nan kuwa ta riƙon ƙwarya ce. Sojoji sun karɓi mulki sun ce za su shirya zaɓe su koma bariki, an ajiye delege, watau kantoma, a mayri, ofishin mulkin gari, yana riƙo kafin a zaɓi magajin gari. Duk mai takalmi sau ciki a garinmu ya fara gaida mutanen da bai taɓa gaisarwa ba. A nan Mujahid ya dawo daga Kwatano bayan shekara huɗu, da ordinater, watau kwamfuta, a jaka, da tsohuwar mota da direba, da ƴan katuna masu sunansa: Injiniya Mujahid Ishaku, Konsiltan. Ya ba ni ɗaya. Na gode masa, na ce ya yi daidai da kankarar kasko.

Taubashina ne, ɗan wan Inna, don haka bakina a kansa halal ne tun muna yara.

Ya ce, "Balki, daga yau Injiniya za ki riƙa ce mini."

"To, Yaya Muja."

"Ke matsalarki ƙarancin karatu, ba ki da nibo."

"Ina ake sayar da shi? In Inna ta je kasuwa ta sayo mini."

Mujahid ya kai dosiye mayri, watau takardun neman wuri. A ciki akwai hoton bututun Gidan Gyaɗa, an ɗauke shi daga ƙasa har ya yi kamar zai taɓa gajimare. Ya ce masu purje, masu zuba kuɗi a ayyuka daga ƙasashen waje, suna neman wanda zai tsotse hayaƙin uzin ya mai da shi nanotib, shi kuma yana da injin, uzin kawai yake buƙata. Duka gidan, har filin, har rijiyar. Matan sai su koma bayan tasha, inda babu katanga, babu ruwa, iska na kwaso yashi tana zubawa a komai. Mai da yashi kuwa ba wanda zai saya sau biyu.

Delege mutum ne marar yawan magana. Ya ce ya ba shi makullin ɗakin tanderu na kwana arba'in. Ranar arba'in zai zo da kansa ya gani. In abin ya tabbata, gida na Mujahid ne.

Matan suka taru kan Inna. Ta ce ba ta zuwa mayri ƙarar ɗan wanta.

Ita Gobiranci ke fito mata in ranta ya ɓaci, don ƴar Tibiri ce. Ta ce, "Ɗan Ishaku na. Ni na goye shi. Mi za ni ce ma mutane? In Allah ya nufa mu tashi, mu tashi."

Na ce, "Inna, ba Allah ya kai dosiye ba, Muja ne."

Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

Aka kawo injin a lulluɓe da bargo. Iska ta ɗaga bargon na gani: akwatin gorar ruwa ne an shafa masa fenti fari, da wayoyi ja da shuɗi, da agogo guda a goshi irin na gaban mota. Kullum da hantsi Mujahid zai zo, direbansa Jaye na biye da kwalaye biyu. Ya ce makamashi ne na musamman a ciki. Jaye dattijo ne mai ciwon baya, amma da yatsa biyu yake riƙe kowane kwali. Su shiga su kulle, bayan awa ɗaya su fito, Mujahid na share goshi da hankici.

Bututu kuwa shiru. Ko hayaƙin sigari bai fito ba.

Wata cikin matan, Batulu, ta kasa haƙuri ranar kwana na biyar. Ta ce, "Injiniya, mu fa ba mu ga hayaƙi ba."

Ya tsaya ya juyo, fuskarsa ta cika da murna. "Ba ku gani ba? Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Alhamdu lillahi! Jaye, rubuta. Mata ashirin da uku sun shaida. Injin yana cinye hayaƙin ɗari bisa ɗari."

Batulu ta tsaya da ludayi a hannu. Ni kaina na jinjina masa. Ban taɓa ganin mutumin da aka kama ya mai da kamun takardar shaida ba.

Ranar da na kai wa wani malami tawada Maradi, na shiga sibar, inda ake hayar ordinater. Da yatsa ɗaya na buga sunan abin. Na zauna da ƙamus ɗina a cinya har mai wurin ya fara kallona. A raina na so in tarar ƙarya ce, in dawo in yi dariya. Sai na tarar gaskiya ce. Akwai mutane a duniya da ke ɗaukar iskar da ke fita daga uzin, su bi da ita cikin bututu mai zafin digiri ɗari bakwai ko fiye, kan garin ƙarfe mai laushi, sai karbon ɗin ya bar iskar ya tsiro sili-sili, kowane sili da rami a cikinsa kamar karan dawa. Ido bai ganinsu. A hoto sun yi kama da saƙar gizo da aka cukurkuɗa. Na daɗe ina kallon hoton. Mutanen nan baƙi suke tarawa daga hayaƙi, kamar ni. Sun dai fi ni ƙyalle.

A mota ina dawowa na riƙa jin wani daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Na ce wa Inna, "Ashe sana'ata tana da dangi a Turai da Sin."

Ta ce, "Su aiko da goro."

Abu ɗaya na riƙe daga karatun nan: ba a yin nanotib sai da wuta, wuta mai tsanani.

Kwana biyu bayan haka Jaye ya zo gidanmu da azahar, yana waige-waige. Ya ce garin baƙi yake so, busasshe, wanda ba a sa wa ƙaro ba.

Na ce, "Baba Jaye, rubutu ka fara?"

"Na takalmin mai gida ne."

"Takalminsa ja ne."

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ɗiyata, ni direba ne."

Na shiga ɗaki na ɗebo masa na ƙyalle na uku, wanda nake ɓoye wa masu rubuta Alƙur'ani da hannu. In dai za a yi ƙarya da kayana, gara a yi da mai kyau, kada a je a zubar mini da suna.

A cikin kwanakin nan ne kazar Inna ta ɓace. Wake-wake ce, uwar kaji, tana bin Inna Gidan Gyaɗa kullum don tsintar gyaɗar da ta zube. Inna ta zargi shaho, ta zargi muzuru, ta zargi wani maƙwabci da ba zan faɗi sunansa ba. Ranar kwana goma sha biyu da karɓar makullin Mujahid, ina kankarar kasko da tsakar rana, sai ga ta ta fito daga bayan gini, gashi a tashe, tana ƙorafi ƙasa-ƙasa irin na kazar da ta fara kwanci. Ta sha ruwa a gindin rijiya, ta yi tsince-tsince da sauri, ta juya. Na bi ta. A bayan ɗakin tanderu akwai wata ƴar ƙofa a ƙasa, ta kwashe toka, ciyawa ta rufe ta. Nan ta shige.

Na kwanta rub da ciki na zura hannu har kafaɗa. Ta sare ni. Na ji ƙwai huɗu a ƙarƙashinta, na ji tsohuwar toka mai sanyi kamar ƙasan randa. Kaza na kwanci a tsakiyar tanderun Injiniya.

Na zauna nan cikin ciyawa na yi lissafi. Ƙwan kaza kwana ashirin da ɗaya, zai fashe tun delege bai zo ba, uwar ta kwashe ƴaƴanta ta fito. Amma a garinmu ba a barin kaza mai kwanci da damina ta ɓata zamanta kan ƙwai huɗu. Ƙwan zabi ake sa mata, don zabuwa ba ta iya reno ba. Ƙwan zabi kuwa kwana ashirin da takwas ne. Sha biyu da ashirin da takwas. Na sake ƙirgawa da yatsu don kada son zuciya ya ruɗe ni. Arba'in.

Na tafi wurin Baba Bakari, tsohon da ke kiwon zabi a bayan masallaci. Shi ne ya yi shekara goma sha ɗaya yana hura tanderun nan lokacin da uzin ke da rai. Na ce ƙwai tara nake so, na kwanci.

Ya ce, "Ina kazar take?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya zauna kan turmi.

"Cikin tanderuna? Wanda in na hura shi ba a iya tsayawa taku biyar daga ƙofarsa?"

"Shi."

"Kawo alƙalaminki. Ba a sa ƙwai ƙarƙashin kaza ba shaida, kada ta ƙara nata a rikice."

Mutane da gawayi suke yi wa ƙwai zane. Ni mai tawada ce. Na rubuta kwanan wata a jikin kowane ɗaya, da lambobi manya, Baba Bakari na riƙe mini. Muka je tare, na cire na kazar huɗu na jera mata tara. Ta sake sarata, ta gyara zama.

Baba Bakari ya ce, "In fa yaron nan ya hura wuta ko sau ɗaya, kazar uwarki ta zama gasasshiya."

Na ce, "Baba, Muja ne fa. Tun muna yara in an aike shi hura wuta kuka yake yi, wai hayaƙi na shiga idonsa."

Duk da haka ban sake ba. Kullum ina zaune inda nake ganin ƙofar ɗakin, ina auna yadda Jaye ke riƙe kwalaye. Ranar da na ga ya sa hannu biyu, na ce zan ruga in jawo kazar ko da za ta tsiyaye mini ido. Ranar ba ta zo ba. Ban gaya wa Inna komai ba, don na san ta: da ta je ta ɗauke kazarta don ta rufa wa ɗan wanta asiri. Ta riga ta fara ɗaure kaskonta na ajiya da igiya, tana tambayar masu amalanke ko za su kai mata duwatsun murhu bayan tasha. Ina kallonta ina kankara.

Sau ɗaya na ba shi hanya. Na tare shi a bakin mota na ce, "Yaya Muja, filin nan babba ne. Ka riƙe ɗakinka, ka bar wa su Inna wajensu."

Ya ce, "Masu purje ba za su zo su tarar da mata na suyar ƙuli-ƙuli a laboratuwar, ɗakin bincike, ba. Imaj ne, Balki, yadda za a kalle mu. Ba za ki gane ba."

Na ce, "Haka ne, ba ni da nibo."

Ranar talatin da tara na kwanta a bakin ƙofar toka na kasa kunne. Na ji ƙaramin tsiyu-tsiyu. Na tashi na kakkaɓe zanena na koma bakin aiki.

Ranar arba'in aka kafa rumfa a filin, aka jera kujerun roba, aka sa matan su kashe wutarsu don kada hayaƙinsu ya rikita baƙi. Delege ya zo a babbar mota kat-kat, mai gari ya zo, wani ɗan rediyo ya zo da rakoda. Matan suka zauna a tabarmi can gefe, Inna a gaba, ta ja mayafi har goshi. A kan tebur an shimfiɗa farin ƙyalle, a tsakiyarsa wata ƴar kwalba mai murfin azurfa, cike da baƙin gari.

Na gane shi tun daga nesa. Rana ta bugi kwalbar amma baƙin bai yi ƙyalli ba, ya shanye hasken ya zauna. Na ƙyalle na uku ke nan. Wallahi sai da ƙirjina ya cika. Shekara shida ina wannan aiki, ba a taɓa ɗora shi kan farin ƙyalle ba.

Mujahid ya yi jawabi, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce da abin da ke cikin kwalbar nan za a yi gadar da ba ta karyewa, da batir da ba ya mutuwa, da rigar da harsashi bai huda ta. Ya ce garinmu zai shiga taswirar duniya. Ya ce shi bai ce zai tsaya takara ba, amma in jama'a suka matsa masa ba zai ƙi ba. Ba wanda ya matsa masa. Ya ɗaga kwalbar ya ce ko a Turai ba a samun mai tsabtar wannan.

Na ce a raina, wannan kam gaskiya ka faɗa.

Delege ya murza garin a yatsa, ya duba, ya gyaɗa kai. Ya juya wajen matan ya ce, "Ku da kuke nan kullum, me kuka gani?"

Batulu ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ga hayaƙi ba."

Mujahid ya buɗe hannuwa, ya kira delege da Mushe, watau Malam a bakin masu Faransanci. "Ka ji da kunnenka, Mushe Delege. Sifiri. Injin bai bar ko ɗigo ba."

Aka yi tafi. Delege ya jawo dosiye gabansa ya cire murfin bik zai sa hannu. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni taubashiyarsa ce. A ba ni in yi masa tambaya, ko don al'ada."

Aka yi dariya. Mai gari ya ce, "Haƙƙinta ne, a bar ta."

Na ce, "Injiniya." Ya ji daɗin sunan har ya gyara karabat. "Ni jahila ce, a aji shida na tsaya. An ce abin nan sai da zafi. Digiri nawa kake kai tanderun?"

"Ɗari takwas."

"Kai! Kullum?"

"Kwana arba'in, ba fashi."

"Har jiya?"

"Jiya ma har la'asar. Shi ya sa ba na barin kowa ya matso, haɗari ne."

"To a nuna mana cikinsa mana. Ni ban taɓa ganin inda ɗari takwas ta kwana ba."

Ya ce sirrin sana'a ne, akwai maganar brebe, watau takardar mallakar fasaha, ba a buɗe wa kowa. Delege ya mai da murfin bik ɗinsa. Ya ce, "Ai ni na ce zan zo in gani da idona. Mu je."

Muka ɗunguma. Mujahid ya buɗe kwaɗon ɗakin. A ciki ga farin akwati an jingina shi da gindin bututu, wayoyinsa na lilo ba su shiga ko'ina ba. Ga kujera guda, ga tabarmar Jaye, ga kwalaye an tara har rufi. Mujahid ya yi sauri ya ce injin ba ya buƙatar waya, da tsotsa yake aiki. Delege ya nuna ƙofar tanderu, wata baƙar ƙofar ƙarfe mai sakata.

Mujahid ya kama sakatar ya ja. Ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu. Ya cire kwat ya ba Jaye, ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito, tsatsa na zubo masa a takalmi.

Ya ce, "Zafi ne ya kumbura ƙarfen. Dilatasiyo."

Baba Bakari ya ratso mutane da sandarsa. "Matsa, ɗana. Ba ja ake yi ba. Ɗagawa ake yi, sannan a doke ta nan." Ya ɗaga sakatar, ya ba gindin ƙofar dunduniya sau ɗaya. Ta buɗe da ƙara, yanar gizo ta yage biyu.

Kazar ta fara fitowa, fuka-fuki a buɗe, tana zagin kowa. Ta dira kan jan takalmin Injiniya. Bayanta ƴan zabi suka biyo, masu zane-zane a ka, suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ƙasa suna tashi. Bakwai. Na takwas yana zaune a toka bai gama bushewa ba.

Inna ta ture ni ta wuce. "Wake-wakena! Ja'ira, nan kika shige? Ni ina can ina ɗaukar alhakin mutane!"

Ba wanda ya yi dariya tukuna, kowa na jiran delege. Ya durƙusa da kakinsa, ya zura hannu cikin tanderun, ya dafa tokar. Ya ɗauko ƙwai na tara, wanda bai gama fashewa ba, ɗan baki na motsi a hudar. Ya juya shi ya karanta kwanan watan da ke jiki. Ya ɗauko wani ɓawon ya karanta. Ya ce, "Rubutun wa ne wannan?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Tawadar ma tawa ce. Ɗanyenta ne ka murza ɗazu a kwalba."

Ya dubi yatsansa, ya dubi Jaye. Jaye ya ce, "Ni direba ne."

A nan ne Batulu ta fashe, sauran matan suka bi, har ɗan rediyo ya manta rakodarsa na ɗauka. Delege ya mai da ƙwan cikin toka a hankali, ya miƙe, ya zare makullin daga kwaɗo ya miƙa wa Inna.

Ya ce, "Inna, riƙe wannan. Gobe ki zo buro, ofishina, da sunayen matanki a yi muku takardar wurin. Ku hura wutarku, rana na yi."

Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta dubi ɗan wanta, na ga tausayi ya taso mata, sai ta ce, "Muja, ka ci abinci kuwa?"

Bai ji ta ba. Ya bi delege har ƙofa yana cewa, "Mushe Delege, a bar ni in yi bayani. A kimiyyance, zafin ɗari takwas ɗin yana iya taruwa a sama, ƙasan kuma..."

Delege ya tsaya yana goge toka daga gwiwar wandonsa.

Ya ce, "Injiniya, uwata ma tana kiwon zabi. Kwana ashirin da takwas ƙwan ke yi."